Tan 12 a ƙofar gida: yadda ake zaɓen ƙaramar tarakta don kwashe dusar ƙanƙara

Mu a wajenmu idan aka ce tarakta, ko tantan kamar yadda wasu ke kiranta, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne faɗuwar damina da huɗa. A karkarar Kanada kuwa akwai gidajen da taraktarsu ta fi shan wahala a watan Janairu, lokacin da ko ɗanyen ganye ɗaya babu a waje. Aikinta shi ne buɗe hanyar da ta tashi daga ƙofar gida zuwa babban titi, bayan dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. Hukuma ce ke share titi, amma daga bakin titi zuwa gidanka, wannan kuma ruwanka. In ba ka buɗe ba, ba zuwa aiki, ba kai yara makaranta, in kuma ciwo ya kama wani cikin dare, motar asibiti can bakin titi za ta tsaya.

Na fara lura da wannan ne a hunturuna na farko a lardin Kebek, a wata gona da muke zuwa duba na'urorin auna sanyin ƙasa da muka binne. Maigidan ya nuna min wata 'yar mitsitsiyar tarakta, ya ce ƙarfin doki 24 gare ta. Na yi dariya a zuci, don Massey Ferguson 375 da na saba gani a gida ƙarfin doki 75 ce. Da na ce masa ai wannan ta yi kaɗan, sai ya ce ƙarfin inji shi ne tambaya ta ƙarshe da mai saye ya kamata ya yi. Sai da na zauna na yi lissafi na ga gaskiyarsa.

Nawa ne nauyin abin?

Kwanon auduga da kwanon yashi girmansu ɗaya, amma nauyinsu ba ɗaya ba. Haka dusar ƙanƙara take: wata rana auduga ce, wata rana yashi. Mai karatu, ka ƙaddara akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. In ka cika shi da ruwa, kilo 1,000 ke nan. In ƙanƙara ce sandararriya, kimanin kilo 917. Amma sabuwar dusa da ta zuba cikin tsananin sanyi ba ta cika wuce kilo 50 zuwa 100 ba, wato kashi 90 cikin 100 ko fiye na akwatin iska ce zalla. Wadda ta zuba lokacin da sanyi bai yi nisa da digiri 0 a ma'aunin Salsiyas ba, jiƙaƙƙiya ce, tana iya kai kilo 200. Wadda iska ta kora ta danne, ko ta kwana biyu ta zauna, sai ka ji kilo 300 zuwa 400.

To mu ɗauki hanya mai tsawon mita 100 da faɗin mita 4, dusa ta zuba santimita 30. Akwati 120 ke nan. In mara nauyi ce, a kilo 100 kowane akwati, tan 12 ne kwance a ƙofar gidanka, daidai da buhun siminti 240. In dannanniya ce mai kilo 300, tan 36 ne, buhu 720, ya fi lodin tirela guda mai ɗaukar buhu 600. Kuma ana so ka kawar da shi kafin ƙarfe bakwai na safe, wataƙila jibi ma a sake. Shebur fa? Ana yi, amma ba ƙaramin haɗari ba ne. Wani bincike da aka yi a kan bayanan asibitocin Kebek, wanda mujallar ƙungiyar likitocin Kanada ta buga a 2017, ya nuna cewa bugun zuciya a tsakanin maza yana ƙaruwa washegarin ranar da dusa ta zuba da yawa, kuma kwasa da shebur ne masu binciken suka fi zargi.

Shi ya sa tambaya ta farko ita ce wace irin dusa ke zuba a garinku, kuma ina za ka kai ta. A filayen Saskatchewan ba ta da yawa kuma busasshiya ce, sai dai iska na tara ta tudu-tudu a kan hanya. A Buffalo ta Amurka, da ke bakin tafkin Erie, iska mai sanyi na kwaso danshi daga tafkin ta juye shi lokaci guda. A Nuwamban 2014 wasu garuruwan kudancin birnin sun samu sama da mita 2 cikin 'yan kwanaki. Birnin Kebek kuwa yana samun kusan mita 3 a shekara, kuma abin da ya zuba a Disamba yakan zauna har ƙarshen Maris.

Turawa, ɗagawa ko watsawa

Kayan aikin da ake ɗaura wa tarakta iri uku ne. Akwai faifan ƙarfe mai tura dusa gefe, kamar na motar gyaran hanya. Shi ya fi araha da sauri in dusar ba ta yi zurfi ba. Matsalarsa ita ce duk abin da ka tura yana nan a gefe, ya daskare ya zama katanga, hanya ta dinga tsukewa har ta kai Fabrairu ba ka da inda za ka tura sabuwa. Akwai bokitin gaba, wanda yawancin ƙananan taraktoci da shi ake sayar da su. Aikinsa da nawa, ɗiba ɗaya juyi ɗaya, amma shi ke maganin tudun nan mai tauri da motar hukuma ke barin maka a bakin hanya duk lokacin da ta wuce.

Na uku shi ne injin watsawa, kuma ɗan Kebek ne ya ƙirƙiro shi. Arthur Sicard ya kammala nasa na farko a 1925, a 1927 ya sayar wa garin Outremont da ke cikin Montreal a yanzu. Yadda yake aiki bai canza sosai ba. Wani murɗaɗɗen ƙarfe na juyawa a gaba yana farfasa dusar yana tattaro ta tsakiya, sai farfela mai gudu ta cafe ta ta harba ta cikin bututu, ta faɗa can nesa da hanya. Ba katanga, ba tsukewa. A ganina duk wanda ke wurin da dusa ba ta narkewa tsakanin zuba da zuba, in ya sayi faifai kawai don gudun tsada, kuɗin zai biya sau biyu.

Ana ɗaura shi a baya, a jikin maƙalan nan mai hannu uku da Harry Ferguson ya yi wa rajista a 1926, wanda shi ne dai ke riƙe da garma a taraktocinmu na gida. Ƙarfi kuma yana zuwa masa ta wata sanda da ke fitowa daga bayan tarakta, ana ce mata PTO, tana juyi 540 a minti ɗaya. Illar na baya ita ce da baya-baya za ka yi ta tuƙi, wuya a murɗe, awa guda. Na gaba ya fi daɗi amma ya fi tsada. 'Yan kwangilar share ƙofofin gidaje a Kebek sun fi son wani iri na daban, wanda yake a baya amma bakinsa na kallon gaba: ka ja da baya har ƙofar gareji, ka sauke shi, ka taho gaba yana kwashewa.

Nan ne kaɗai ƙarfin doki ke da ta cewa, kuma ba lambar da aka rubuta a jikin bodi ake dubawa ba. Tarakta irin John Deere 1025R, injinta kusan doki 24 ne, amma abin da ke isa sandar PTO kimanin 18 ne. Wannan ya ishi injin watsawa mai faɗin mita 1.2 zuwa 1.4. Abin lura shi ne faɗinsa ya ɗan zarce na tayoyin, in ba haka ba kana sharewa kana take wadda ba ka share ba. Giya ma da muhimmanci. Farfela na son inji a cikakken gudu, ita kuwa tarakta ana so ta yi tafiyar hawainiya in dusar ta yi kauri. Giyar da ke aiki da matsin mai, wadda feda ɗaya gaba, ɗaya baya, ba kuloci, ita ke ba ka damar rage tafiya ba tare da ka rage totur ba.

Af, in ka duba kasuwar za ka ga taraktoci da yawa sun tsaya a doki 24 da ɗoriya, kamar an ja musu layi. An ja ɗin ne. Dokar hayaƙi ta Amurka ta fi tsanani a kan injin dizal da ya kai doki 25, abin da ya sa yawancinsu ke zuwa da matatar toka a salansa. Matatar sai ta yi zafi sosai take ƙone abin da ta tara, aikin minti ashirin cikin sanyi kuwa ba ya kai ta can.

Ƙarfi ba ya hana santsi

Ga inda maganar maigidan nan ta fito fili. Iyakar abin da tarakta za ta iya turawa ba inji ne ke yanke shi ba. Nauyin da ke kan tayoyi ne, a ninka shi da yadda taya ke kama ƙasa. A busasshiyar kwalta roba na kamawa da kimanin kashi 70 cikin 100 na nauyin da ke kanta. A dannanniyar dusa abin ya sauko kashi 20 zuwa 30. A kan ƙanƙara kuwa wajen kashi 10 ne. Ke nan tarakta mai kilo 1,000, wadda a kwalta za ta yi turin kilo 700, a ƙanƙara turin kilo 100 kacal za ta iya, nauyin buhun siminti biyu. Ko doki 100 ka sa mata, tayoyin ne kawai za su ƙara saurin juyawa a wuri ɗaya, suna goge ƙanƙarar tana ƙara sulɓi. Duk direban da ya taɓa kafewa a laka da damina ya san wannan.

Mafita biyu ce, kuma lissafin ne ya nuna su: a ƙara nauyi, ko a ƙara kamu. Da farko dai sai tayoyi huɗun duka suna ja, don duk nauyin da ke kan tayar da ba ta ja asara ne. Sannan a ɗura ruwa a tayoyin baya, kimanin kashi uku cikin huɗu. Ba ruwan famfo ba fa, don shi zai daskare ya zama dutse a cikin taya. Da can ruwan gishirin kalsiyam ake sawa, amma yana cin ƙarfen wili. Yanzu da yawa sun koma wani ruwa mai kauri da ake samu daga ragowar gwozar da ake yin sukari da ita. Ya fi ruwa nauyi, ba ya sa tsatsa, kuma yana jure sanyin da ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili. In da bokiti kake aiki, dole kuma ka rataya wani nauyi a baya. Bokiti cike da jiƙaƙƙiyar dusa yana danna gaba ya ɗage baya kamar sikeli, ƙaramar tarakta kuma siririya ce, in ka ɗaga bokitin sama ka juya a gangare, kifewa ba wuya. Wannan ƙarfen da ke tsaye a bayan kujera don ranar ne aka yi shi, kuma ba ya amfani in ba ka ɗaura bel ba.

Wajen kamu, abin da ya ba ni mamaki shi ne taya mai manyan haƙora ba ita ce gwana ba. Irin ta noma, R1, tana yi a dusa mai zurfi don tana samun abin cizo. R4, wadda aka fi sayar da ƙananan taraktoci da ita, robarta da tauri, haƙoranta da faɗi, a kan ƙanƙara sai zamiya. Tayar fili mai ƙananan zane, R3, sau da yawa ta fi ta a dannanniyar dusa. Amma in hanyarka da gangare kuma tana yin ƙanƙara, magana ɗaya ce: sarƙa. Ƙarfe na huda ƙanƙara, roba ba ta iyawa. Sai dai ka sani za ta bar zane a kan kwalta ko siminti.

Duk wannan kuma sai inji ya tashi tukuna. Ka san yadda man ja ko man shanu ke daskarewa a kwalba da hunturu? Man dizal ma yana da wani kitse irin na kyandir narke a cikinsa. In sanyi ya yi ƙasa da sifili sosai, sai kitsen ya fara fitowa ƙwaya-ƙwaya, man ya yi hazo, ya toshe matata, inji ya mutu. Gidajen mai a Kanada suna canza haɗin man in hunturu ya zo, su sa mai sauƙi irin dangin kananzir. Wanda ke faɗawa tarko shi ne mai ƙaramar tarakta, don tankin da ya cika a Agusta yana iya kai shi Disamba. Batir ma ƙarfinsa na raguwa a sanyi, daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri inji ke neman ƙarin ƙarfi. Shi ya sa ake gwada batir a digiri 18 ƙasa da sifili a rubuta sakamakon a jikinsa. Yawancin mutane suna sa wa injin wani ɗan hita da ake jonawa da wutar gida awa biyu ko uku kafin a tayar.

A gonar nan hanyar tsakuwa ce, don haka maigidan yakan ɗan ɗage bakin injin watsawar daga ƙasa, ya bar dusar farko ta danne ta zama shimfiɗa, don kada farfela ta dinga harba duwatsu kan tagogi. Duk da haka wani lokacin takan haɗiyi dutse ko guntun icce. An tanadi wannan: akwai wani ƙaramin noti da aka yi shi da gangan don ya karye in juyi ya cije, sai ƙarfin inji ya yanke kafin giya ta fashe. Yana ajiye da guda biyar ko shida a gwangwani kusa da kujera. Ranar da na ga ya karye, sai da ya kashe injin, ya zare makulli ya sa a aljihu, ya jira komai ya tsaya cak, sannan ya ɗauko sanda ya zaƙulo dutsen. Hannunsa bai shiga bututun ba ko sau ɗaya, don ƙarfen da ya cije yana iya zabura ya ƙarasa juyinsa da zarar an cire abin da ya tokare shi.