Tsadar Mota Ta Raya Aikin Sauya Yadin Ƙofa a Gombe

GOMBE: Duk wanda ya shiga tsohuwar motar haya a Tashar Dukku ko Tashar Bauchi, a cikin garin Gombe, ƙofa ce za ta fara gaya masa shekarun motar. Ko dai yadin da aka lulluɓe kwalinta na ciki ya saki yana reto, ko kuwa an sake shi sabo fil, launinsa ya saɓa da na kujeru. Wannan ɗan aiki ya daɗe yana ciyar da masu ɗinkin kushin, sa'an nan kuma masu motoci da dama sun koma yin sa da hannunsu a ƙofar gida.

Tushen lamarin tsadar mota ne. A 1985 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja a farashin gwamnati, kuma sabuwar Peugeot 504 ta kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ba baƙuwa ba ce a gidajen ma'aikata. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, jama'a suka koma ga motocin gwanjo da ake shigowa da su ta Kwatano. Sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ran 1 ga Oktoba, 1996, garin ya cika da ma'aikata da 'yan kwangila, amma sabuwar mota ta riga ta fi ƙarfin albashi. Daga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a Yunin 2023 kuma aka saki naira a kasuwa, har dala ta haura naira 1,500 a 2024. Saboda haka wanda yake da mota ya riƙe abarsa, ya yi ta lallaɓa ta.

Ba yadin ne yake fara mutuwa ba. Tsakaninsa da kwalin ƙofa akwai siririn soso, wanda zafin watannin Maris da Afrilu, lokacin da awon zafi kan kusanci digiri 40 a Gombe, yake dafawa har ya zama gari. Da zarar ya ruɓe, yadi ba shi da abin kamawa. Wannan ciwo sananne ne ga direbobin Golf. A nan ne mai gyara a gida ya fi yin asara, domin in ya ɗaga yadin ya shafa gam a kan wannan gari ya mayar, ba za a daɗe ba zai sake saki, ga tabon gam ya ɓullo ta fuska.

Yadda ƙwararru suke yi, sai an kwance mariƙin ƙofa da na ɗaga gilashi, a cire kan batir in gilashin na lantarki ne, a ɓamɓaro kwalin a hankali, domin ƙugiyoyin robar da suke riƙe da shi sun bushe, kuma kowace ta karye sai an saya. Sa'an nan a kankare tsohon soso tas da buroshi, a yanka sabon yadi bisa awon tsohon, a bar rarar kamar inci 2 ta kowane gefe. Ana shafa gam a kwali da bayan yadi duka, a dakata ya sha iska ya yi danƙo, kana a manna daga tsakiya, a fara da wuraren da suka lotsa, a naɗe bakin ta baya. Gam mai araha wanda ba ya jure zafi shi ne tsada, don motar da ta wuni a rana a rufe tanda ce. Kazalika gam ɗin yana kama wuta, warinsa kuma yana bugarwa kamar sholisho, don haka a fili ake aikin, nesa da murhu da yara.

Akwai wata ledar da ke manne da ƙarfen ƙofa a bayan kwalin, wadda mutane da yawa suke yagewa su yar, a zatonsu tarkace ce. Ita ce take tare ruwan da ke gangarowa ta jikin gilashi. In babu ita, damina ɗaya ta isa ta jiƙa kwalin ya kumbura, kuɗin yadi da na gam su bi ruwa.

Ta fuskar lissafi, gyaran gida yana da riba ne a tsofaffin motoci irin 504, masu shimfiɗaɗɗen kwali. Motocin baya-bayan nan kuwa an zuba bangon ƙofarsu da roba mai lanƙwashe-lanƙwashe, an narka ɓangaren yadin a jiki, kuma raba su ba tare da fasawa ba aikin mai kushin ne. Wanda ya fasa, sai ya nemi na gwanjo, wanda farashinsa yake bin dala. Haka kuma ya kamata mai sayen mota ta hannu ya lura, domin dillalai sun san sabon yadi yana ɗaga farashi, yana kuma rufe tsatsa.

Abin takaici shi ne inda kuɗin yake tafiya. Gombe da auduga aka san ta, kuma jigilar auduga da gyaɗa na cikin dalilan da suka kawo layin dogo garin a 1963. Amma masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Yawancin karammiski da fatar roba da ake lulluɓe ƙofofin nan da su daga ƙasashen waje suke zuwa, musamman Sin, su biyo ta Legas ko Kano kafin su iso Babbar Kasuwar Gombe. Abin da yake saura a garin shi ne ladan mai ɗinki da 'yar ribar mai shago.