Ziyarar gonakin shinkafa a Yauri: ido a gona, ƙafa a kan kunya

Uwargida, wataƙila kin taɓa cin karo a Facebook da hoton gonakin shinkafar Ifugao na ƙasar Filifin, waɗanda aka sassaƙa hawa-hawa a jikin duwatsu, har UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1995. Namu na ƙasar Yauri a kwance suke cikin fadama, amma dabarar ɗaya ce: a ja kunya a tare ruwa, fangali bayan fangali. Idan ɗanki yana zaton daga buhu shinkafa take fitowa, wannan hutun ki kai shi ya gani.

Ki sauka a Yelwa, daga nan Shanga da Ngaski duk kusa ne. Watan Nuwamba ya fi, lokacin da lauje ke aiki, ana bugu ana sheƙa, mata na turara shanshera a manyan tukwane. Ki nemi izinin mai gona kafin ki ɗaga waya. In kin dace da dattijo cikin Gungawa, ki zauna. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa da yawa, aka tashi mutane kimanin dubu 44 zuwa sababbin matsugunai. Wannan hirar ta fi hoto daraja.

To ga inda aikina na jinya ya shigo. Ruwan nan mai kwanciya lumui gidan ƙananan dodon-koɗi ne, su kuwa ke rainon ƙwayar tsargiya. Ba sai yaro ya sha ba. Ya tsoma ƙafa kawai, ƙwayar ta huda fata ta shige, ba ciwo ba jini. Sai bayan wata biyu ko uku ki ga ja a ƙarshen fitsarinsa, lokacin an manta da tafiyar. Har yau akwai masu cewa alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba balaga ba ce, tsutsa ce ke zuba ƙwai a jikin mafitsara, kuma in an bar ta takan taɓa ƙoda. Maganinta praziquantel, da nauyi ko tsawon yaro ake auna shi, don haka asibiti za ki, ba kemis ba.

Yaran manoma za su yi ta tsalle cikin ruwa, naki su yi ta roƙo. Ki daure ki hana.

Batun kwale-kwale kuma, ba mu manta da jirgin da ya nitse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba. Babu rigar kariya daidai jikin yaro, babu shiga. In kin ga an danƙara buhuna da babura, ki jira na gaba.

Ki tambayi 'yan gari lafiyar hanya kafin ki taso, ki yi tafiyar rana, ki riƙe gidan sauro. Ki kuma bar wuri a mota, don da wuya ki dawo ba albasa da busasshen kifi.