Basirar Ɗan Adam da Yadda Ake Auna Ta

Mai hidima a karkara yakan gamu da irin wannan tambaya. A ce wani uba daga ƙauyukan Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai, ya zo ya ce, "Baba Fasto, kuɗina na karatun yaro ɗaya ne kawai. Babban ya faɗi jarrabawa sau biyu, an ce ba shi da kai. In cire shi?" Alhali yaron nan shi ke raba ruwa a gonar rani, shi ke gyara injin ban ruwa, ya kuma lissafa kuɗin kwandunan tumatir da ka kafin dillali ya gama dannawa a waya. Amsar da za mu bayar tana iya juya rayuwar yaron. Saboda haka ya kamata mu san abin da jarrabawa take aunawa da abin da ba ta aunawa.

Abin da Hausa ta riga ta rarrabe

Harshenmu yana da kalmomi da yawa a nan. Ƙwaƙwalwa ita ce saurin ɗauka da riƙewa. Basira ita ce gane abu. Dabara ita ce samun mafita. Wayo yana iya zama mai kyau ko marar kyau. Hankali kuwa ya haɗa da natsuwa da sanin ya kamata. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazari a kan wanda Hausawa suke kira mutumin kirki, ya sa hankali da hikima a jere ɗaya da gaskiya, amana, haƙuri, kunya da ladabi. Wato a wurinmu hankali yana tafiya da hali. Gwajin da za mu duba yanzu ya ɗauki yanki ɗaya ne daga cikin waɗannan.

Asalin gwajin

A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka shirya gwaji a Faransa domin a gano yaran da suke bukatar ƙarin taimako a makaranta. Binet ya yi gargaɗi kada a ɗauki sakamakon a matsayin abin da ba ya canzawa. A 1916 Lewis Terman na Jami'ar Stanford a Amurka ya sake fasalin gwajin, ya yaɗa lissafin da ake kira IQ. Ana raba shekarun fahimtar yaro da shekarunsa na haihuwa, a ninka da 100. Yaro mai shekara 10 da ya amsa kamar mai shekara 12 ya sami 120 ke nan. A yau ana kwatanta mutum ne da tsararsa: tsaka-tsaki 100 ne, kuma kusan biyu cikin uku na mutane suna tsakanin 85 da 115. Mu lura, lambar nan matsayi ne a cikin jerin waɗanda aka gwada. In an tsara jerin da yaran Landan, to da su ake kwatanta yaron Bagwai.

Basira ɗaya ce ko da yawa?

A 1904 Charles Spearman na Ingila ya lura cewa wanda ya yi kyau a darasi ɗaya yakan yi kyau a sauran. Ya ce akwai basira ɗaya ta gaba ɗaya a ƙarƙashinsu. Bincike da yawa ya tabbatar da wannan dangantaka, gwajin kuma yana hasashen nasara a makaranta gwargwado. Ba daidai ba ne mu ce banza ne.

Raymond Cattell ya raba basira biyu: ta warware sabuwar matsala, wadda take raguwa da tsufa, da ta ilimin da aka tara, wadda take daɗewa. Shi ya sa saurayi zai riga dattijo koyon waya, amma dattijo ya fi shi sanin lokacin shuka.

A 1983 Howard Gardner ya kawo iri bakwai: harshe, lissafi, siffa da wuri, kiɗa, sarrafa jiki, fahimtar mutane da sanin kai. Malamai sun karɓi ra'ayin sosai, amma masu bincike da dama sun ce hujjarsa ta awo ba ta da ƙarfi. A 1985 Robert Sternberg ya kawo uku: basirar nazari, ta ƙirƙira da ta aikin yau da kullum.

Darasi daga Afirka

A 1979 Robert Serpell ya wallafa wani gwaji da ya yi wa yaran Zambiya da na Ingila. An sa su kwaikwayi siffofi. Da fensir da takarda, yaran Ingila suka fi. Da waya irin wadda yaranmu suke ƙera motar wasa da ita, yaran Zambiya suka fi. Da yumɓu kuwa, wanda dukansu suka saba da shi, suka yi kunnen doki. Aikin tunani ɗaya ne, kayan aikin ne suka bambanta.

James Flynn kuma ya nuna a shekarun 1980 cewa a ƙasashe da yawa makin gwajin ya riƙa hawa da kimanin maki 3 kowace shekara goma. Jinin al'umma ba ya canzawa da sauri haka. Abin da ya canza shi ne makaranta, abinci da lafiya. Wani babban nazari na 2018 ya gano cewa ƙarin shekara ɗaya a makaranta yana ƙara maki 1 zuwa 5.

Lafiya ma tana taɓa ƙwaƙwalwa. Rashin sinadarin aidin, tamowa, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani suna iya rage kaifin yaro. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ta kashe yara ɗaruruwa, kuma tana lalata ƙwaƙwalwar waɗanda suka tsira.

Komawa Watari

Mu ma muna tace yara da jarrabawa. A 1977 gwamnatin Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana shiga ta jarrabawar zaɓe, kuma sun fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa. Wannan amfanin awo ne. Amma jarrabawar WAEC da ta JAMB suna auna abin da aka koya ne, galibi da Turanci. Yaron da yake jin Hausa a gida da gona, yake rasa aji lokacin shuka da girbi, faɗuwarsa ba ta isa hujjar cewa ba shi da kai ba.

Aikin mai hidima

Na farko, mu yi bincike kafin mu ba uba shawara. Kwana nawa yaron ya je makaranta? Yana karanta Hausa? Yana ganin allo, yana jin malami? Yana karyawa kafin ya fita?

Na biyu, mu hana kalmar "daƙiƙi" a bakinmu da a azuzuwanmu. Yaron da aka laƙaba wa ita yakan daina ƙoƙari.

Na uku, in za mu zaɓi wanda za a tura horo ko a ba shi shugabanci, mu dubi takarda domin karatu yana bukatar ta, mu kuma dubi yadda yake sasanta mutane, yake riƙon amana, yake koyon sabon abu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Na huɗu, kada mu ruɗi iyaye. Akwai yaran da koyo yake yi musu wuya da gaske. Su ma suna bukatar haƙuri, koyarwa sannu a hankali, da sana'ar da za ta riƙe su.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane ne ake kira mai hankali a ƙauyenku, kuma don me?
2. Me za ka tambayi uban nan kafin ka ba shi amsa?
3. A zaɓen shugabanni na baya, me kuka auna, me kuka bari?