Sukurun Motar Rimot: Duba Zare Kafin Ka Saya

Yawancin motocin rimot masu girman 1/10 suna amfani da sukuru M3, mai kaurin milimita 3. Amma wasu tsofaffin motocin Team Associated na Amurka suna da sukuru 4-40, na awon inci. A ido kusan ɗaya suke, sai dai idan ka tilasta ɗaya a ramin ɗayan, zaren ramin zai lalace.

Tsawo ma yana ruɗar mutane. Sukuru mai kai shimfiɗaɗɗe, wanda ke nutsewa cikin rami, ana auna shi har da kan. Mai kai a tashe kuwa daga ƙarƙashin kai ake farawa. Ƙarin milimita biyu kaɗai kan iya taɓo giya.

Motocin Tamiya na Japan kuwa suna zuwa da sukurun JIS, wanda sukundireban Phillips ke zamewa a kansa har ya cinye kan.

Sukurun baƙin ƙarfe mai lamba 12.9 ya fi na ƙarfen da ba ya tsatsa ƙarfi. Titaniyam ba nauyi, amma tsadarsa sai masu tsere. Shuɗin gam mai riƙe zare na ramin ƙarfe ne. A roba yana iya fasa ta.