KALMAR "HANDICAP" BA BARA TAKE NUFI BA

Edita,

Ina so in warware wata magana da ta tashi a kasuwarmu.

Ƙanena, wanda shan-inna ya taɓa tun yana yaro, gyaran rediyo yake yi. Ya je cike takardar neman rancen jari, sai akawu ya rubuta masa "handicapped". Wani ɗan boko ya ce masa wai ma'anarta mai miƙa hula yana bara. Yaron nan ya dawo ransa a ɓace, ya ce shi bai taɓa roƙon kowa ko sisi ba, ya fasa neman.

To jama'a, wannan fassara ba ta da tushe. Kalmar daga ciniki ta fito, kuma asalinta "hannu cikin hula". A Ingila, fiye da shekaru 300 da suka wuce, idan mutum biyu za su yi musayar kaya, sai su nemi na uku, kamar dillali, ya yanke cikon da mai ƙaramin kaya zai bayar. Kowa ya ajiye ɗan kuɗi a hula, su sa hannu ciki. Wanda ya yarda ya fito da hannu a buɗe, wanda bai sallama ba ya fito da shi a dunƙule. Daga nan ta shiga tseren dawaki, inda ake ƙara wa dokin da ya fi ƙarfi nauyi don a zo daidai. Ku lura, mai ƙarfi ake ɗora wa kayan! Sai can daga baya aka laƙaba ta ga naƙasassu.

Amma akawun ma yana da nasa laifin, domin su kansu Turawan sun daina son kalmar. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 ba ta kiran mutane da ita, haka ma dokar Nijeriya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Dokar nan ta tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya nuna wa mai naƙasa wariya, kamfani kuwa Naira miliyan ɗaya.

Mu ma gara mu rage kiran "kai gurgu" a bakin rumfa, tun da mutum yana da sunan yanka. Ƙanen nawa dai na lallashe shi, ya ce zai koma ranar Litinin.

Daga wani mai sayar da hatsi,
Funtuwa.