Indiya: dalilin da ya sa mabiya addinin Hindu ke cewa biyan sha'awa ba ya kashe ta

A duk watan Magha, wanda ke faɗowa tsakanin Janairu da Fabrairu, dubban mabiya addinin Hindu kan bar gidajensu su tare cikin tantuna a birnin Prayagraj da ke arewacin Indiya, inda kogin Ganga ya haɗu da na Yamuna. Wata guda cur suke yi suna cin abinci sau ɗaya a yini, suna kwana a ƙasa, suna wanka cikin ruwan sanyi tun da asuba. Sunan wannan zama Kalpavas.

Wanda ya san Indiya ta finafinan soyayya kaɗai zai iya zaton ƙyamar jin daɗi ce ta kai mutanen nan can. Ba haka abin yake ba. Littattafan Hindu sun lissafa manufofi 4 na rayuwar ɗan Adam: dharma, wato sauke nauyi da bin gaskiya, artha, neman dukiya, kama, jin daɗin jiki da na zuciya, sai moksha, kuɓuta daga kewayen mutuwa da sake haihuwa. Ke nan sha'awa tana da gurbinta, muddin ba ta tsallake dharma ba. Abin da suke musantawa shi ne a ce biyan ta na kawo ƙoshi.

Labarin sarki Yayati da ke cikin littafin Mahabharata ya fi kowane bayani fito da wannan fili. Surukinsa Shukra ya tsine masa saboda ya ci amanar ƴarsa Devayani, tsufa ya rufto masa tun lokaci bai yi ba. Sarkin bai gama da duniya ba, sai ya roƙi ƴaƴansa maza 5 da wani ya karɓi tsufan ya ara masa ƙuruciya. Huɗu suka ƙi, autan mai suna Puru ya amince. Yayati ya shafe shekaru 1,000 yana morewa, daga ƙarshe ya tarar ƙishin nasa ya fi na ranar farko. Ya kwatanta abin da wutar da ake zuba wa man shanu: ƙara ruruwa take yi. Ya mayar wa Puru ƙuruciyarsa, ya ba shi sarauta, ya shige daji. Abin lura a nan, babu malamin da ya yi masa wa'azi. Gwadawa ya yi har ya gano.

Littafin Bhagavad Gita mai baiti 700 ya bi diddigin yadda lamarin ke faruwa a zuciya. Mutum ya yi ta tunanin abu har ya shaƙu da shi, shaƙuwa ta haifi kwaɗayi, kwaɗayin da ya gamu da cikas ya koma fushi, fushi kuma ya rufe ido har hankali ya gushe. A babi na 18 littafin ya raba jin daɗi gida 3: wanda farkonsa ɗaci ne ƙarshensa zaƙi, kamar horar da kai, wanda gaɓɓai ke samu nan take amma ya ƙare da ɗaci, da na barci da kasala.

Mazhabar Advaita Vedanta, wadda aka fi dangantawa da malami Shankara, ta ƙara gaba. A ganinta, daɗin da mai yunwa ke ji bayan ya ci tuwo ba daga tuwon ya fito ba. Zuciya ce ta ɗan lafa da buƙata ta kau, sai natsuwar da ke cikin mutum tun asali, wadda suke kira ananda, ta bayyana. Kuskuren shi ne a jingina ta ga abin da aka ci, a koma nemansa gobe. Wasu mazhabobin ba su bi nan ba: masu bin tafarkin bhakti na ganin karkatar da so zuwa ga abin bauta ya fi ƙoƙarin kashe shi.

Mafi yawan ƴan Hindu ba sa shiga daji kamar Yayati. Da dama kan taƙaita ne ga azumin Ekadashi, sau 2 a wata, inda suke ƙaurace wa shinkafa da sauran hatsi. Su ma masu zaman Prayagraj, waɗanda akasarinsu dattawa ne, idan wata ya cika sukan naɗe tabarminsu su koma gida, wasu kuma da alwashin dawowa shekaru 12 a jere.