Gano Abin da Ke Katse Wi-Fi a Laftof

Zango biyu intanet ke yi kafin ya isa laftof a cikin gida. Na farko daga kamfanin sadarwa zuwa rauta ko ƙaramar na'urar MiFi, ta layin 4G ko ta wayar fayiba. Na biyu daga rauta zuwa laftof ta iska, kuma shi ne ake kira Wi-Fi. Rashin bambance waɗannan biyun shi ke jawo yawancin asarar kuɗi da lokaci: sai a ɗauki kwamfuta a kai wa mai gyara alhali data ce ta ƙare, ko a yi ta ɗora wa kamfani laifi alhali ciwon yana jikin kwamfutar.

Saboda haka aikin farko shi ne gano zangon da ke yankewa. Sai a haɗa wayar hannu da wannan Wi-Fi ɗin, a ajiye ta kusa da laftof. In dukansu suna katsewa tare, matsalar tana wajen rauta ko kamfani. In wayar na tafiya lafiya, laftof ce abin zargi. Akwai gwajin da ya fi wannan kaifi. A Windows, a buɗe Command Prompt sau biyu. A ɗaya a rubuta ping -t da adireshin rauta, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, kuma ana samunsa a takardar da ke manne a ƙarƙashinta. A ɗayan a rubuta ping -t 8.8.8.8, adireshin wata sabar Google. Idan rauta tana amsawa amma na waje ya yi shiru, Wi-Fi ba shi da laifi. Idan duka biyun suka tsaya lokaci guda, yankewar tana cikin gida.

A ɓangaren rauta, cire ta daga wuta na rabin minti a mayar yakan warware abubuwa da yawa. Inda wuta ba ta tsayawa, duk sauyi daga Nepa zuwa janareta yana kashe ta, kuma takan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta dawo. Ƙaramin batirin ajiya na maganin wannan. Zafi ma na sa ta rikice, don haka ba a ajiye ta cikin kabad ko inda rana ke dukanta. Rauta mai amfani da layin 4G kuwa ta fi son gefen taga.

Sai maganar iskar da ke ɗauke da saƙon, wadda ta fi komai wuyar ganewa domin ido ba ya ganinta. Yawancin rautoci na watsawa a mita biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Ta 2.4 ta fi nisa da ratsa bango, amma cike take da cunkoso: Bluetooth a nan yake, na'urar ɗumama abinci ta microwave ma a 2.45 take aiki, har kayan USB 3.0 marasa kyakkyawan rufi kan yi mata hayaniya idan an jona su kusa da eriya. Tashoshinta uku ne kawai ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, shi ya sa a gidan haya mai rautoci da yawa sauya tasha a shafin saitin rauta kan kawo sauƙi nan take. Ta 5 ta fi sauri da tsabta, sai dai bangon siminti biyu ya isa ya raunana ta. Ƙofar ƙarfe, firji da tankin ruwa duk suna tare sigina. Rauta a sama, a tsakiyar gida, ta fi rauta a ƙasa bayan talabijin nesa ba kusa ba.

Idan an tabbatar laftof ce, a fara da tsimin batir. Windows kan kashe katin Wi-Fi don ya adana caji, alamarsa kuwa ita ce yankewar ta fi yawa idan an cire caja ko bayan kwamfutar ta farka daga barci. A Device Manager, ƙarƙashin Network adapters, katuna da yawa suna da shafin Power Management inda ake cire wa Windows izinin kashe katin. Daga nan sai manhajar direban katin: a sauko da sabuwa daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ko a koma kan tsohuwa in matsalar ta biyo bayan sabuntawa. A sa kwamfutar ta manta da Wi-Fi ɗin, a sake shigar da kalmar sirri. Idan umarnin ipconfig ya nuna adireshi mai farawa da 169.254, rauta ba ta ba kwamfutar adireshi ba ke nan. Network reset na Windows 10 da 11 shi ake bari ƙarshe, domin yana share duk kalmomin sirrin Wi-Fi da aka adana.

Eriyar laftof galibi a gefen allo take, siraran wayoyinta biyu kuma ta cikin hinjin murfi suke bi su sauka kan katin. Yawan buɗewa da rufewa kan tsinke su, musamman a kwamfutocin gwanjo. Ana gane haka idan sigina na hawa da sauka yayin da ake motsa murfin, ko laftof ba ta kamawa sai an kusanto rauta sosai. Mai gyara zai iya mayar da wayar ko ya canza katin. In kuma ba a son buɗe kwamfutar, ƙaramin adaftan Wi-Fi na USB yana maye gurbin na cikin, bayan an kashe tsohon a Device Manager don kada su riƙa cin karo.